Allurar korona ta shekara-shekara: wa za a kai, yaushe, kuma yaya ake samunta a karkara

"Wai korona ba ta wuce ba?" Ita ce tambayar da ake fara jefo wa duk wanda ya ɗauko zancen allurarta a majalisa, a Ringim ne ko a Rano. Tambayar tana da hujja, domin kulle ya wuce, masallatai da kasuwanni sun buɗe tuntuni, takunkumi ma sai lokacin ƙura ake ganinsa. A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta fita daga matakin gaggawa. Amma dokar ta-ɓaci kawai aka janye. Ƙwayar tana nan, ta shiga sahun cututtukan numfashi da muke zaune da su. Saurayi mai jini a jika yakan kwashe ta, ya yi kwana uku yana mura, ya miƙe ya koma gona. Dattijon da ke fama da ciwon suga, da tsohuwar da hawan jini ya riga ya taɓa mata zuciya, su take kayarwa.

Mu a nan mun ga hakan da idonmu. A watan Afrilu 2020 maƙabartun Kano suka cika da dattawa, kuma daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari kuma ana danganta rasuwarsu da korona. Mafi yawansu manya ne masu wata cuta a jiki. Saboda haka zancen allura yanzu ya tashi daga na kowa da kowa, ya koma na mutum biyu ko uku a kowane gida. Aikin maigida, ko babban ɗa, ko uwargida, shi ne ya san su waye, ya sa musu lokaci, ya kai su.

Me ya sa ake maimaita ta

Dalili biyu ne. Na farko, ƙwayar tana sauya kama. Duk lokacin da ta shiga jikin mutum sai ta yi ta kwafar kanta sau miliyoyi, kuma wajen kwafar akan samu kuskure. Yawancin kurakuran ba sa haifar da komai, amma jefi-jefi wani yakan sauya siffar ƙayoyin da ke bayanta, waɗanda da su take maƙalewa a hanyar numfashi, kuma da su garkuwar jiki take gane ta. In siffar ta sauya da yawa, garkuwar sai ta makara wajen ganewa. Haka aka samu nau'in Alfa a Ingila a ƙarshen 2020, Delta a Indiya, sai Omikron da aka fara ba da rahotonta daga Afirka ta Kudu da Botsuwana a Nuwamba 2021. Daga nan 'ya'yan Omikron da jikokinta ne ke yawo a duniya: XBB a 2023, JN.1 daga ƙarshen wannan shekarar, da rassan da suka tsiro daga gare ta. Ita kuwa allurar farko an haɗa ta ne bisa ƙwayar da ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Shi ya sa kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya yake zama lokaci-lokaci yana ba kamfanoni shawarar nau'in da za su bi. A Mayu 2023 ya nuna XBB, a Afrilu 2024 ya koma JN.1.

Na biyu, ko da ƙwayar ba ta sauya ba, garkuwar da allura ta gina tana ja da baya. Kariyar da ke hana kamuwa tana raguwa cikin 'yan watanni. Wadda ke hana cutar tsananta har ta kai ga kwanciya asibiti ko mutuwa ta fi daɗewa, amma ita ma a jikin tsoho ba ta jimawa kamar a jikin yaro. Mai ɗakin ƙasa ya san wannan: kowace shekara kafin damina yana sabunta yaɓe, ba don maginin bara ya yi ha'inci ba, don dai ruwa da iska sun ci rabonsu.

Mataki na farko: ka ƙirga mutanen gidanka

Ka zauna da daddare ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har da dangin da ke ƙarƙashin kulawarka ko da ba gida ɗaya kuke ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta sa waɗannan a gaba: dattawa, musamman daga shekara 60 zuwa sama, manya masu ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ko ciwon huhu da ya daɗe, masu ƙiba mai tsanani, waɗanda garkuwarsu ta yi rauni, kamar masu cuta mai karya garkuwar jiki da masu shan maganin ciwon daji, mata masu juna biyu, da ma'aikatan lafiya da ke mu'amala da majiyyata kullum. Mai sikila ma a sa shi a lissafi, a gaya wa ma'aikaci.

Tsoho tukuf, ko dattijon da ke da cuta fiye da ɗaya, ko mai raunin garkuwa, ana son a sake yi masa bayan wata 6 zuwa 12 da allurarsa ta ƙarshe. Sauran masu haɗari, bayan kamar shekara guda. Mai juna biyu sau ɗaya a kowane ciki. Wanda bai taɓa yi ba sam, a yanzu allura ɗaya ta wadatar ga yawancin mutane, domin kusan kowa jikinsa ya riga ya haɗu da ƙwayar. Mai raunin garkuwa ne kawai ke bukatar biyu ko uku.

Lafiyayyen matashin da ya riga ya yi allurarsa ba a bukatar ya riƙa maimaitawa. Yara ƙanana masu lafiya ma ba su ne a gaba ba. In kana da ƙarfi da kuɗin mota na tafiya ɗaya kacal, kuma akwai jaririn da bai kammala rigakafin ƙyanda da mashaƙo ba, to shi za ka fara kaiwa. Mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 yaran da ba a yi wa rigakafi ba ya fi ɗauka, kuma ba zan so wani ya karanta wannan ya juya lissafin ba.

Yawancin dattawanmu ba su da takardar haihuwa. Ba damuwa. Wanda ya riga ya yi wayo lokacin yaƙin basasa, ko wadda take da aure lokacin babban farin 1973, ta shiga lissafi.

Mataki na biyu: ka nemo tsohon katin

Da yawa daga cikinmu an yi mana allurar a 2021 ko 2022. Kashin farko, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, daga baya aka kawo Moderna, Johnson & Johnson da Pfizer, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka yi fice wajen karɓa. Kowa an ba shi koren kati mai ɗan tambari da ake haskawa da waya. A duba ƙasan adaka, cikin kwalla, ko tsakanin takardun gona. Abu biyu ake nema a jikinsa: ranar allurar ƙarshe da sunanta. In katin ya ɓata, a koma asibitin da aka yi, domin suna da rijista. In hakan bai yiwu ba, a faɗa wa ma'aikaci gaskiyar abin da aka tuna. Rashin kati ba ya hana allura, kuma ba dole ba ne sabuwar ta zama ta kamfanin da ya yi tsohuwar.

Mataki na uku: ka sa lokaci

A Amurka da Turai sun ɗaure allurar da watannin Satumba da Oktoba, kafin sanyinsu ya shigo, suna haɗa ta da ta mura. Mu ba mu da irin wannan gangamin na kowace shekara, kuma korona ba ta riƙe yanayi ɗaya a ƙasar nan ba. Ta taso a tsakiyar 2020, ta sake tasowa a Disamba 2020 zuwa Janairu 2021, Delta ta zo a daminar 2021, Omikron kuma a Disambar shekarar. Biyu a damina, biyu a hunturu ke nan. Abin da ke yanke hukunci na farko shi ne ranar da ke jikin kati: in wata 12 ya cika, lokaci ya yi, ko wane wata ake ciki.

Amma in an bar mini zaɓi, kaka nake zaɓa, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Hanyoyi sun bushe. Duk wanda ke zaune a yankin Auyo, Kafin Hausa, Guri ko Kirikasamma ya san yadda ambaliya irin ta 2022 take yanke gari da asibiti na makonni. An kawo amfanin gona, akwai ɗan abin biyan ɗan acaɓa. Aikin gona ya yi sauƙi, in hannu ya yi tsami kwana ɗaya ba a yi asarar noma ba. Sannan hunturu na tafe da ƙurarsa da sanyinsa, lokacin da ake rufe tagogi a cunkushe a ɗaki ɗaya ana jin ɗumi, masu asma da tsofaffi kuma suna shan wahalar numfashi. A lokacin ne bukukuwan aure ke yawaita, 'yan cin rani suna kai da komo tsakanin gida da Legas, Abuja ko Fatakwal, kasuwanni irin Maigatari ta ranar Alhamis da Wudil ta ranar Juma'a suna cika maƙil. Jiki yana bukatar kamar mako 2 kafin allurar ta kama sosai, don haka wanda ya yi a kaka ya shiga hunturu da ƙarfinta.

Akwai lokacin da ake ɗagawa. Mai zazzaɓi mai zafi ya bari ya warke tukuna. 'Yar mura ko tari kaɗan ba sa hanawa. Wanda gwaji ya tabbatar ya yi korona kwanan nan zai iya jinkirta wata 3 zuwa 6, gwargwadon abin da likita ya gani, tunda cutar kanta ta ɗan farfaɗo masa da garkuwa. Mai juna biyu kuwa ba ta jiran kaka, ranar awo za ta yi tambaya.

In azumi ya riske ku, malamai da yawa, ciki har da babban Muftin Saudiyya a 2021, sun yi fatawar cewa allurar damtse ba ta karya azumi, domin ba ci ba ce ba sha ba. Duk da haka dattijo mai ciwon suga gara a yi masa kafin watan ya kama ko bayan sallah, don kada kasalar allura ta haɗu da ta ƙishirwa.

Mataki na huɗu: ka tambaya kafin ka ɗauko tsoho

Nan ne mutane suka fi shan wahala, kuma nan nake roƙon a yi haƙuri a bi a hankali. Allurar ba ta wadata kamar a 2022. Shirin COVAX da ya riƙa kawo wa ƙasashe irin namu kyauta ya rufe a ƙarshen Disamba 2023, kamfanin AstraZeneca kuma ya janye tasa daga kasuwa a 2024. Tun kafin nan hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta riga ta haɗe allurar korona da sauran ayyukan yau da kullum na asibiti. Ma'anar wannan ga mutumin ƙauye ita ce ba lallai wata tawaga ta zo ƙofar mai unguwa da akwatin sanyi ba, kuma ba kowane asibiti ne ke da ita kowace rana ba.

Ka fara da asibitin mazaɓarku. Ka je kai kaɗai, ko ka aiki yaro mai hankali, a sami shugaban asibitin ko mai kula da rigakafi. Bayan gaisuwa ka ce, "Malam, ina da mahaifi mai shekara kusan 70, yana da hawan jini, rabonsa da allurar korona tun 2022. Akwai ta a nan? In babu, ina zan same ta?" In mace ce ka ce Hajiya ko Malama, tambayar dai ɗaya ce. Ka karɓi lambar wayarsa. In ya ce babu, kowace ƙaramar hukuma, 44 na Kano da 27 na Jigawa, tana da jami'in rigakafi da ɗakin sanyi inda ake ajiye allurai, shi ya san abin da ya shigo da ranar da zai lalace. Daga nan sai babban asibiti mafi kusa, kamar na Hadejia, Gumel, Kazaure, Bichi, Gwarzo ko Wudil. Wanda ke zuwa ganin likita a Asibitin Malam Aminu Kano, ko Murtala, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu saboda suga ko ƙoda, ya yi tambayar a ranar da ya je, ya huta da tafiya biyu.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da kwalbar, don kada a zargi ma'aikaci da wulaƙanci. Kwalba ɗaya ta mutane da yawa ce, kuma da zarar an huda ta, sa'o'i kaɗan take da su, galibi 6, ragowar sai zubarwa. Shi ya sa wani lokaci za a ce maka ka dawo ranar kaza, ana jiran a tara mutane. Maganin wannan yana hannunmu. Ka sami mai unguwa ko dagaci ka ce, "Ranka ya daɗe, muna son a haɗa dattawan unguwar nan da ke bukatar allurar korona, mu kai sunayensu asibiti." Liman ya sanar bayan sallar Juma'a, kwamitin ci gaban mazaɓa ya kai takardar. Mutum 10 ko 20 da suka zo da sunayensu a rubuce sun fi mutum ɗaya samun biyan bukata, kuma sau da yawa hakan kan sa a kawo allurar har gari maimakon a yi ta jigilar tsofaffi a kan babur.

Wani zai ce shi sabuwar da aka sabunta yake jira. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai haɗari kada ya jinkirta don jiran sabon haɗi. Wadda ke hannu, muddin hukuma ta amince da ita kuma ba ta lalace ba, tana rage tsananin cutar.

A asibitin gwamnati kyauta ake yinta. Kada a saye ta a kemis ko a hannun mai yawo da magani a kasuwa. Allura ce da ke zama cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, ta Pfizer ma daga daskararren sanyi ake fito da ita, kuma wadda ta sha zafin bazara a cikin jaka ta tashi daga aiki. Haka kuma kada a biya kowa don ya rubuta kati ba tare da allura ba. Katin ba ya hana numfashi sarƙewa.

Mataki na biyar: ka yi magana da wanda za a yi wa

Ba a ɗaukar babba kamar kaya. Ka same shi a natse ka ce, "Baba, akwai maganar da nake son mu yi shawara." Ki ce, "Inna, kin tuna yadda kika sha fama da ƙirji a hunturun bara?" In ya nuna tsoro, kada a yi masa kallon marar sani, domin tsoron mutanen Kano yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, kuma duk wanda ya ce a manta da shi bai yi adalci ba.

Amma a tuna da ɗaya ɓangaren. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi, aka dawo da shi a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta shanye ƙafafun yara da yawa, ta tsallaka ƙasashe. Da aka dage da ɗigon, a Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. Trovan gwaji ne a kan yara 200 cikin gaggawa. Allurar korona kuwa an yi ta fiye da sau biliyan 13 a duniya, a Makka da Madina da Landan da Dutse, kuma NAFDAC ke tantance wadda ta shigo ƙasar nan. A Disamba 2021 hukuma ta lalata sama da miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare a bainar jama'a a Abuja, maimakon a yi wa mutane su.

An ce wanda ya yi zai mutu cikin shekara biyu. An ce tana hana haihuwa. Shekarun sun wuce, kuma kowa a unguwarsa ya san matan da aka yi wa a 2021 da suka haihu, an sha suna. Wannan hujjar ta fi duk wani bayanin masana shiga kunnen dattijo. In bayan duk wannan ya ce a'a, a ƙyale shi, a sake ɗauko zancen wani lokaci, wataƙila ta bakin aboki ko malaminsa.

Mataki na shida: ranar allura

A karya kumallo, a sha ruwa, a sha magungunan yau da kullum kamar yadda aka saba. Ba a ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda allura. A fita da sassafe kafin rana ta take. A sa riga mai faɗin hannu da za a iya naɗewa har kafaɗa. Mace za ta iya neman mace ta yi mata, ko a ja labule, haƙƙinta ne. A tafi da tsohon kati, da kwalayen magungunan da ake sha, da katin awo ga mai ciki.

Kafin a huda, a faɗa wa ma'aikaci abu huɗu: ko wata allura ta taɓa sa mutum kumburin fuska ko sarƙewar numfashi; ko yana shan maganin tsinka jini; ko akwai ciki; ko yana jin zazzaɓi yau. Wanda allurar korona ta baya ta yi wa irin wancan mummunan borin, likita ne zai yanke hukunci a kansa.

Ka dubi abin da ake yi, ba rashin kunya ba ne. Kwalbar daga firiji ko akwatin sanyi za ta fito. Ka nemi a karanta maka sunanta da ranar lalacewarta. Sirinji sabo ne a cikin leda, a gabanka za a yage, bayan an gama kuma a jefa shi cikin kwalin da aka tanada. A damtse ake yi, gara a hannun da ba a cika aiki da shi ba. In za a haɗa da wata allura a ranar, ba laifi, sai a raba hannu.

Bayan nan a zauna minti 15, mai tarihin borin jini ya yi 30. Mutane suna raina wannan zaman, ɗan acaɓa yana ta hon a waje. Amma mummunan borin da kan biyo bayan allura, duk da ba kasafai yake faruwa ba, a cikin waɗannan mintuna ya fi zuwa, kuma maganinsa yana asibitin, ba ya kan hanya. Kafin a tashi a tabbatar an rubuta rana, sunan allura da lambar kwalba a kati. A ɗauki hoton katin da waya, a tura wa wani ɗan'uwa, a sa shi a leda saboda gara da ruwa.

Mataki na bakwai: kwanakin da ke biye

Tsamin hannu, ɗan zazzaɓi, ciwon kai, kasala, duk an saba gani, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu suke wucewa. A sha farasitamol in an matsu, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a riƙa motsa hannun. Kada a murza wurin, kada a gasa, kada a shafa toka ko wani haɗi. Wanka da alwala ba su da matsala. Wanda bai ji komai ba, shi ma allurar ta yi aikinta.

Abin da nake jin tsoro a ƙasarmu shi ne a ɗora wa allura laifin zazzaɓin cizon sauro. Kaka lokacin sauro ne har yanzu. In zazzaɓi ya wuce kwana 2, ko ya fara bayan kwana 3, ko ya zo da rawar sanyi da amai, a je a yi gwajin jini na ɗan yatsa, kada a zauna ana cewa ai allura ce.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su: kumburin fuska ko leɓe, sarƙewar numfashi, suma, ciwon ƙirji ko bugun zuciya da sauri, ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi, kumburin ƙafa ɗaya. An samu kumburin tsokar zuciya nan da can bayan allurar Pfizer da Moderna, yawanci a samari cikin 'yan kwanakin farko, kuma mafi yawansu sun warke da kulawa. Duk abin da ya faru a sanar da asibitin da aka yi allurar, suna da takardar da suke cikewa su tura sama.

Allurar ba ta yi alkawarin mutum ba zai yi mura ba. Wanda aka yi wa zai iya kamuwa, sai dai yiwuwar ta kai shi ga gadon asibiti ta ragu sosai.

Maniyyata

Mai niyyar Hajji ko Umara lissafinsa daban ne. Saudiyya na fitar da sharuɗɗan lafiya kowace shekara. Ga 'yan Najeriya allurar sanƙarau, aƙalla kwana 10 kafin isa, da ta shawara da ɗigon shan inna sun daɗe a cikin sharuɗɗan, kuma a 'yan shekarun nan ana neman shaidar rigakafin korona daga tsofaffi da masu cututtuka masu daɗewa, ana kuma kwaɗaitar da ta mura. Da yake sharuɗɗan suna sauyawa, a bi abin da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha ta faɗa a wajen bita. Kada a bari sai an shiga sansani; a yi aƙalla mako 2 kafin tashi, gara ma wata guda. Akwai kuma wata 'yar'uwar korona da aka gano a Saudiyya a 2012, wadda ake ɗauka daga raƙuma, ita ba ta da allura tukuna. A can a nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu, kuma alhajin da ya dawo da zazzaɓi da tari cikin mako 2 ya gaya wa likita inda ya fito.

In an nema ba a samu ba

Hakan na iya faruwa. A bar suna da lambar waya a asibitin mazaɓa, a riƙa leƙawa ranar rigakafin yara, a kuma ci gaba da tuna wa kwamitin mazaɓa. Kafin ta samu, a tsare dattijon ta wasu hanyoyin. Maganin suga da na hawan jini kada ya yanke, domin cutar ta fi kayar da wanda sugansa ya hau. Mai tari da zazzaɓi, musamman wanda ya dawo daga tafiya, ya gaida Baba daga bakin ƙofa har ya warke. A bar taga ɗaya a buɗe ko da sanyi, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. In za a shiga motar haya mai cunkoso ko ɗakin jiran asibiti, tsoho ya sa takunkumi.

In kuma ya kwanta da mura, a sa ido a kan numfashinsa. Idan yana haki alhali a zaune yake, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ko ya rikice bai gane mutane ba, ko ya daina ci da sha, a nemi mota a wannan ranar a nufi babban asibitin da ke da iskar taimaka wa numfashi, ba kemis ba. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa a kai majina a gwada tarin fuka, gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Lambar kiran kyauta ta hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa ita ce 6232, ga wanda ya ga mutane da yawa a gari ɗaya suna kwanciya da ciwo iri ɗaya.